Ƙofar Ɗakin Iya

Wata safiyar Alhamis ce, a shekarar da nake aji uku na firamare, muna hutu ana tsakiyar cirar auduga, aka tsayar da ni a tsakar gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Maska aka ce in yanke hukunci. Ina sanye da rigar sanyin yayana wadda hannunta ya wuce yatsuna, hancina na yoyo, ƙafafuna duk faso, ga ni a cikin wata da'ira da aka zana a ƙasa da bakin fartanya. Da'irar nan ita ce sabon ɗakin kakata, Iya, wanda za a gina a madadin tsohon da ya faɗi da damina. Ɗan'asabe magini ya zo tun daga Maska a kan kekensa, ya naɗe wando har gwiwa, an kwaɓa masa ƙasa, an jera tubali a gefe, abu ɗaya kawai yake jira, a nuna masa inda zai bar ƙofa. Iya na zaune a kan turmi ta gefen gabas, ta lulluɓa da mayafi biyu. Kakana, Malam, yana tsaye ta yamma ya dogara da sandarsa. Ita tana so ƙofa ta kalli gabas, shi yana so ta kalli yamma, kuma su biyun, da furfurarsu da komai, sun zuba wa yaron da ko tazugen wandonsa bai iya ɗaurewa da kyau ba ido.

Sunan Malam aka sa mini, saboda haka babu mai kiran sunana a gidan. Mahaifiyata ba za ta kama sunan surukinta ba, Iya kuwa ko a mafarki ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, sai ta riƙa ce mini Maigidana, shi kuma Malam ya ce mini Takwara. Tun da aka yaye ni a ɗakin Iya nake kwana, a bayanta, a kan gadonta na ƙasa wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Da rana kuma ina gindin Malam a zaure, ina miƙo masa buta, ina kore masa kaji daga buzu. Idan suka yi saɓani, kuma kullum sai sun yi, ni ne ɗan aike. Iya ta ce in je in gaya wa tsohon can goronta ya ƙare, Malam ya ce in koma in gaya mata ya ji, amma ba shi ya cinye ba. Na tashi ina tsammanin haka kowane aure yake, sai da yaro a tsakani.

Babban saɓaninsu, wanda ya girme ni ya girmi mahaifina ma, a kan sanyi ne. A wajenmu sanyi iri biyu ne. Akwai na marka, tsakiyar damina, lokacin da gari ke lumshewa kwana da kwanaki, rana ta ɓuya a bayan gajimare, yayyafi ya yi ta sauka a hankali ba ya ƙarewa. Wannan sanyin ba ya cizo, sai dai ya sa mutum kasala da son abu mai ɗumi. Akwai kuma ɗari, bayan kaka, ranakun da sama ke wankewa tas, rana ta fito fes tun da sassafe, amma ruwan randa ya nemi cire wa mutum yatsu wajen alwala. Malam mutumin marka ne, Iya kuma ta ɗari, shekara da shekaru suna wannan musu babu wanda ya taɓa sassautawa.

Malam yana da tsohon tari da ke tasar masa da zarar iska ta bushe, ga shi manomi ne da ba ya ganin kyan komai sai kore. Idan marka ta kankama, an gama huɗa, aikin gona ya yi sauƙi, sai ya shimfiɗa buzunsa a bakin zaure ya zauna yana kallon masara da dawa suna shan ruwa, fuskarsa a sake. Ni kuma muna dogon hutu, sai in karyo ɗanyar masara a bayan gida mu gasa a kasko, hayaƙin jiƙaƙƙen itace yana sa mu hawaye. Yakan ce, "Takwara, ka ji sanyin mutunci ke nan, ya zo bai mari kowa ba." Idan ruwa ya ɗan tsagaita, mu yara sai mu fantsama waje, mu tare ruwan da ke gangarowa ta lungu da laka, mu gina shanu da raƙuman yumɓu waɗanda ba sa bushewa har su narke, mu ɗora ganyen gwaza a ka mu ce laima ce. Da yamma a kawo dafaffiyar gyaɗa da kwaɗon tafasa. A irin wannan rana, ina jingine da gwiwar Malam, kwaɗi na ta kuka a kududdufi, da an tambaye ni da na rantse babu abin da ya kai marka daɗi.

Amma da na shiga cikin gida sai in tarar da wata markar daban. Iya na fama da ciwon gwiwa, danshi ne babban abokin gabarta. Tana zaune a bakin gado tana matsa ƙafa, zannuwanta sun kwana a igiya ba su bushe ba, kuɓewar da ta yanka ta yi funfuna, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya zama ruwa a ƙoƙo. Takan ce, "Wane irin gari ne mutum zai wuni bai ga inuwarsa ba?" Ita lokacinta ɗari. Da rana ta ɓullo sai ta ja tabarma ta bi ta, ta shafe ƙafafunta da man kaɗanya ta miƙe su, ta ɗauko mazari da audugar da muka yi mata kala a gona ta hau kaɗi. Tsakar gida ta cika da shanya, barkono ja wur, kuɓewa, yakuwa, kalwar daddawa, komai na bushewa a wuni guda. Ni kuma in dawo daga kamun fara, don da sassafe sanyi kan daskarar da su a jikin kara sai dai ka tsinta, ta soya mini da gishiri da yaji, ta tono mini dankalin da ta binne a toka. Ina ci, rana na dukan bayana, gabana na rawar sanyi, a lokacin ma da an tambaye ni da na rantse babu abin da ya kai ɗari.

Yayyena suna cewa na iya cin tudu biyu, amma ni da gaske nake a zaure, da gaske nake a ɗaki. Kuma duk biyun akwai abin da na tsana a cikinsu. Da marka tsakanin yatsun ƙafata kan ruɓe saboda yawo a taɓo, ga sauro, ga zazzaɓin da ba ya tsallake ni. Da ɗari kuma akwai wankan safe da mahaifiyata ke yi mini da dutsen goge kaushi ina ihu, akwai tsayuwar layi a filin makaranta muna kaɗa haƙora, kowa ya riƙo gwangwanin madara da garwashi a ciki yana lilo da shi don kada ya mutu, har sai malami ya tausaya ya fitar da mu jikin bango mu yi karatu a rana. Ga cirar auduga, busasshen ƙwansonta na yayyage yatsun da sanyi ya riga ya sandarar. Idan ina cikin wannan sai in yi kewar wancan, kuma ban taɓa zaton akwai ranar da za a tsare ni a ce in zaɓa ba.

Sai ga shi a markar wannan shekarar ɗakin Iya ya faɗi. Ruwa ya yi kwanaki yana jiƙa gindin bangon, wata rana da hantsi muna ɗakin girki ni da ita sai muka ji rugum, ɗaki ya zauna, jinka ta kife a kansa. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki sai kaza da 'ya'yanta, su ma suka fito. Iya ta tsaya ta kalli tulin ƙasar, ta juya wajen zaure ta ɗaga murya ta ce, "To, ga aikin sanyin mutunci nan." Muka ƙarasa damina a ɗakin ajiya tsakanin buhuna. Da aka yi kaka aka fara maganar sabon gini, sai ta ce ita fa wannan karon ƙofarta gabas za ta kalla. Tsohon ɗakin yamma yake kallo, kamar kusan kowane ɗaki a ƙauyen, rana ba ta leƙa shi sai bayan azahar. Ta ce ta gaji da jan tabarma da jan ƙafa tana farautar rana a tsakar gida, tana so ta buɗe ƙyaure ta tarar da ita a bakin ƙofa. Malam ya ce ba a taɓa yi ba. Hadari daga gabas yake tasowa, kowa ya sani, ɗakin da ya buɗe baki gabas ruwa zai riƙa sha har kan gado, cikin 'yan shekaru ya sake komawa ƙasa. Duk wanda ya ji bayanin Malam sai ya ce gaskiya ne, duk wanda ya ga yadda Iya ke tashi daga zaune kuma sai ya yi shiru.

Aka ce mahaifina ya raba gardama, ya ce shi tsakanin uwa da uba ba shi da ta cewa, ya hau kekensa ya tafi gona. Ana cikin haka ne wata rana Iya ta ce, cikin wasan nan na kaka da jika, ai ɗakin ba na tsohon can ba ne, ba shi ke kwana a ciki ba, Maigidanta na gaske shi zai faɗi inda ƙofa za ta kalla. Kowa ya yi dariya. Malam ma ya yi, ya ce ya yarda, ai Takwara manomi ne ɗan manomi, ya san daga inda hadari ke zuwa. Ni ma na yi dariya don na ga ana yi. Sai da na ga an daina dariyar amma ba a janye maganar ba, sannan na gane da gaske suke. Kowannensu ya amince ne don ya tabbata ni nasa ne, kuma da bakina na gaya wa kowannensu haka, ba sau ɗaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya na ci daɗi amma ban ji daɗi ba. Iya ta dama mini fura da nono mai kauri, ta ajiye mini ƙanzo, ta aika aka kawo mini mazarƙwaila. Ba ta ce mini komai game da ƙofa ba, sai dai duk lokacin da za ta miƙe sai ta dafa kafaɗata ta yi nishi fiye da yadda ta saba. Malam kuma ya ja ni bayan gida ya nuna mini bangon gabas na rumbu da na zaure, yadda ruwa ya zaizaye su har tubali ya fito, ya sa na shafa da hannuna. Ya ce, "Ba don kaina nake faɗa ba, Takwara, ku ne za ku kwana a ciki." Idan ina gabansa sai in ga maganarsa a fili take, har in ji haushin Iya. In na koma na ga gwiwarta a kumbure sai in ji haushin Malam. Na tambayi yayana, ya ce in ce a yi ƙofa biyu. Na kai wa Iya wannan shawara da murna, ta ce ita ba a zaure za ta kwana ba. Na tambayi mahaifiyata, ta ce in rufa mata asiri kada in sa ta a maganar surukai. Har addu'a na yi Allah ya sa Ɗan'asabe ya yi rashin lafiya, ba mai tsanani ba, wadda dai za ta hana shi hawa keke.

Ya zo da ƙoshin lafiyarsa, shi ya sa na tsinci kaina a cikin da'irar nan. Safiyar irin ta Iya ce sak, sama garau, sanyi kamar ana yanka kunne. Tsakiyar da'irar inda aka tsayar da ni inuwar rumbu ta rufe ta, ƙasar kuma ta jiƙe da ruwan kwaɓi, ga ni babu takalmi. Na kalli Iya, ta yi mini murmushi. Na kalli Malam, ya gyaɗa mini kai. Ɗan'asabe ya ce, "Yaro, ƙasa na bushewa fa." Na sunkuyar da kai ina jujjuya maganar hadari da maganar gwiwa, kuma ina cikin tunanin ne, wallahi ban san lokacin da na yi ba, ashe ƙafafuna sun gaji da sanyi sun ja ni kaɗan zuwa inda rana ta faɗo a bakin zanen. Ban nuna ko'ina ba, ban ce uffan ba. Sai kawai na ji Ɗan'asabe ya ce, "Madalla, ya tsaya a gabas," ya ɗauko tubali biyu ya dasa ɗaya a damana ɗaya a haguna. Iya ta rangaɗa guɗa da muryarta ta tsufa. Kafin in ɗago kai an fara gini ta kowane gefe, ni kuma ina tsaye a cikin ƙofa.

Malam bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni, ya juya ya koma zaure. Na bi shi da gudu ina cewa ni ban zaɓa ba, sanyi nake ji, rana kawai na bi. Ya zauna a buzunsa ya gyara carbi ya ce, "To ai ita ma abin da take faɗa ke nan tun kafin a haifi ubanka." Shin na zaɓa ne ban sani ba, ko kuwa zaɓa mini aka yi? Idan jikina ya bi rana, ashe ni mutumin ɗari ne, to wane ne yake jingina da gwiwar Malam da marka yana rantsuwa? Na koma wajen Iya in gaya mata kuskure ne, sai na tarar tana raba wa maƙwabta goro tana cewa Maigidanta ya fitar da ita kunya, na kasa. Malam bai daina ce mini Takwara ba, amma ya daina kirana idan zai zagaya gona, sai ya kira yayana, kuma wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Aka gama ɗakin, aka ɗora masa sabuwar jinka, muka tare tun ɗari bai wuce ba. Ban taɓa ganin Iya cikin jin daɗi irin na lokacin ba. Da gari ya waye sai ta ce in buɗe ƙyaure, rana ta shigo har gindin gado ta haska jeren kwanoninta. Ta zauna a dokin ƙofa ta miƙe ƙafafu, mazari na juyawa, tana amsa gaisuwar duk wanda ya wuce. Matan unguwa suka riƙa zuwa kallo, wasu na yabawa, wasu na cewa bari dai damina ta zo. Idan na gan ta haka sai in ji na yi abin kirki, har in fara ɗagawa, sai kuma in tuna ba ni na yi ba.

Damina ta zo kuwa. Hadarin farko ya taso da la'asar, baƙi ƙirin daga gabas, iska ta banko ƙyaure, ruwa ya shigo a kwance kamar ana watsa shi da ƙwarya. Kafin mu ja tabarmi mu kwashe garin tuwo ɗakin ya zama kududdufi. Iya na ɗebe ruwa tana zubarwa waje yana dawowa, ni ina kuka, don na san yanzu kowa zai ce ga abin da yaron nan ya jawo. Muna cikin haka sai ga Malam cikin ruwan, ba hula, rigarsa ta manne a jiki, yana janye da zana sabuwa fil da gwafa biyu. Ashe tun rani ya saƙa ta ya ɓoye a bayan rumbu. Ya kafa ta a gaban ƙofar yadda za ta tare ruwa, ya ce in riƙe masa igiya. Bai ce ai na faɗa ba. Iya ma ba ta ce an gode ba, sai ta ce zanar ta karkace, shi kuma ya ce idonta ne ya karkace. Daga ranar ya koma kirana zagayen gona, kuma aka sami sabuwar al'ada a gidan, da damina a kafa zana, da kaka a cire ta, duk rani a sake yaɓe bangon gabas. Ɗakin bai faɗi ba, amma aikinsa ya fi na kowane ɗaki yawa, kuma Malam ba ya gajiya da tuna mana.

Iya ba ta daɗe tana morar ƙofarta ba. Ina aji shida ta rasu, a ƙarshen damina, saura kaɗan a cire zana. Ta yi ta tambaya ko gari ya fara washewa, ana ce mata saura ƙiris. Bayan an yi arba'in, da yake ɗakin Malam ya tsufa kuma ƙafarsa shi ma ta fara nauyi, mahaifina ya ce ya dawo ɗakin Iya, ni in ci gaba da kwana tare da shi. Ya kuma ce tun da yanzu babu mai gardama, zai kira Ɗan'asabe ya toshe ƙofar gabas ya fasa wata ta yamma, a huta da kafa zana, tarin Malam ma ya huta da iskar ɗari da ke shigowa kai tsaye. Malam ya ce a tambayi Takwara, ai shi ne mai ɗakin. Aka sake kirana.

Wannan karon murna na yi da tambayar. Na girma, a ganina, kuma na daɗe ina jiran ranar da zan wanke kaina a wajen Malam daga abin da ƙafafuna suka yi masa. Ban kalli ƙasa ba, ban bari jikina ya motsa ba, na tsaya cak na ce da ƙarfi, yamma. Na zuba masa ido ina jiran ya yi murmushi ya ce Takwara ya dawo hanya. Sai na ga fuskarsa ta yi irin abin da ta yi ranar da aka aza tubali, har ma ta fi. Ya kalli dokin ƙofar, inda zaman Iya ya sa ƙasar ta yi sulɓi ta ɗan lotsa, ya ce, "To, shi ke nan." Na fita na zauna a bayan rumbu, kaina ya ɗaure tamau. An yi gabas ya ji ciwo, na ce yamma ya ji ciwo, to ina kuma ya rage in nuna masa?

Ba a taɓa toshe ƙofar ba. Duk lokacin da mahaifina ya ce zai kira magini sai Malam ya kawo dalili, yau a bari a gama cirar auduga, gobe ƙasar ba ta da kyau, jibi ai damina ta kusa a bari sai baɗi. Da ɗari kuwa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kushe wannan sanyi, sai ya ce in buɗe ƙyaure da sassafe, ya ja jiki ya zauna a lotsawar nan ta dokin ƙofa, ya lulluɓa da bargo yana tari. Bai fasa kushewa ba. Yakan ce, "Dubi wannan rana, haske kamar gaske, ɗumi babu," amma ba ya tashi sai hantsi ya dubi ludayi. Da marka kuma, lokacinsa, na lura ya rage zama a zaure. Yakan zauna cikin ɗaki a bayan zana, inda ba a ganin gona ba a ganin komai, masarar da na gasa masa ta huce a hannunsa. Wata safiyar ɗari na yi ƙarfin hali na tambaye shi yanzu wanne ya fi so. Ya ce, "Marka mana, kai ma ka sani," yana faɗa yana gyara zama a cikin rana.

Yanzu ina zaune a Funtua a gidan bulo da kwano, kuma da aka zo gina shi babu wanda ya tambaye ni gabas ko yamma, inda titi yake nan ƙofa ta kalla. 'Ya'yana ba su san gadon ƙasa ba, ba su san kafa zana ba. Matata takan ce ita dai marka, don fatarta ba ta tsagewa, babbar 'yata ta ce ɗari, don wanki na bushewa, sai su juyo su ce ni fa? In ce kowanne da daɗinsa, su ce na cika zillewa. Ba zillewa nake ba, ban sani ba ne har yau. Idan yayyafi ya wuni yana sauka sai in ji ƙanshin masara a kasko, in ce lalle wannan ne. Idan sama ta wanke, sanyi ya kama kunne, sai in ji ƙarar mazari, in ce a'a, wannan ne. Na kai shekarun da mahaifina yake da su a lokacin, na kuma gane abin da ya sa ya hau keke ya tafi gona.

Bara da ɗari na je ƙauye gaisuwa. Malam ya daɗe da rasuwa, ɗakin ma ya bi su, don bayansa babu mai yaɓe bangon gabas. Da'irar tushe ce kawai ta rage, da giɓin ƙofa, da turken akuya a gefe. Na shiga na tsaya a tsakiya ina yi musu addu'a, ina kuma sake jujjuya tsohuwar tambayar, ko zan dace da amsa a inda aka fara yi mini ita. Ban samu ba. Da na shafa na buɗe ido sai na ga ashe na matsa, ina tsaye a cikin giɓin nan, rana na dukan ƙafafuna. Na daɗe ban gusa ba. Babu wadda ta yi guɗa, babu wanda ya juya ya koma zaure, sai na ji da ma akwai wanda zan ɓata wa rai.